Tsagar Ƙofar Ɗakin Kaka

Wata Lahadi ce a tsakiyar rani, shekarar da nake aji shida, malamarmu Ustaza Nafisa ta shigo mana da kwali biyu da ta yanke da almakashi. Ɗaya siffar Afirka, ɗaya ta ƙasar Larabawa. Ta ɗaga su sama, ta matso da su a hankali, sai ga bakinsu ya haɗu cif kamar fasasshiyar ƙwarya da aka mayar. Ta ce a can dā, tun babu ɗan Adam, ƙasashen duniya a dunƙule suke. Ta lissafa mana zamunna, na halittun ruwa, na manyan ƙadangaru, har zuwa namu, kowanne miliyoyin shekaru. Ta ce doron ƙasa manyan falalen dutse ne masu tafiya, Bahar Maliya kuma tsaga ce da ruwa ya cike, har yau tana ƙara faɗi. 'Yan aji sai hamma suke don zafi. Ni kuwa da na saba satar karanta littattafan soyayyar yayata a ƙarƙashin angarib, gadonmu na igiya, sai na ga masoya biyu da aka raba, suna hangen juna ta kan ruwa. Ban gama jin daɗin hoton ba Kaka ta faɗo mini a rai.

Kaka, mahaifiyar Baba, a kan hanya aka haife ta. Iyayenta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su hajji, suka tsaya a nan garinmu Gadarif, kafin su kai teku, su yi noman damina ɗaya, nan aka binne su. Duk unguwa Hajiya ake ce mata don girmamawa, ita kuma ba ta amsawa. "Ban tsallaka ba tukuna," haka take cewa. Farin mayafinta na tafiya yana naɗe a akwatin ƙarfe, lokaci-lokaci ta fito da shi ta shanya. Kullum ta yi wa Baba zancen, amsarsa ɗaya ce: "Inna, bari a yanke riɗi." In an yanke riɗi sai dawa ta nuna, in an shigar da dawa sai tarakta ta lalace.

Baƙar ƙasar garinmu kuwa da rani tsagewa take yi, har 'yan tsaki su faɗa ciki, wasan carafkenmu ya ƙare don duwatsun sun zurma. Akwai wata doguwar tsaga da ta bi ta ƙofar ɗakin ciyawar Kaka ta nufi gindin dalbejiya. Da na dawo ranar nan na durƙusa a kanta, na tabbata ita ce abin da Ustaza ta faɗa. Na karyo karan dawa na gicciya shi, na zana alama da gawayi. Kowace safiya kafin in share tsakar gida sai na auna. Cikin mako guda ta ƙaru da yatsa biyu. Na ce a raina, in tsakar gidanmu kaɗai haka take buɗewa, to Makka gudu take yi.

Na tare Baba yana shan gahawa zai tafi gona wajen Fashaga, na kawo karan na nuna masa, na ce in ba a kai Kaka bana ba, baɗi jirgin ruwa ba zai cim ma waccan gaɓar ba. Dariya ya yi har ya ƙware. "Ya binti, 'yata, ke da ƙasar ku jira riɗi," ya ce, ya shafa kaina ya fita. Haushi ya sa na kwashe rabin ruwan durom, ruwan da mai jaki ya kawo mana tun safe, na tsiyaye a tsagar ko za ta haɗe. Ta shanye tas kamar ban zuba ba. Mahaifiyata ta biyo ni da muciya har zaure, yayata ta laƙaba mini "mai ɗinkin ƙasa", sunan ya bi ni har makaranta. Babu wanda ya tsaya ya tambaye ni abin da nake tsoro.

Ustaza ce ta warware mini. Ta ce tsagarmu laka ce kawai ta bushe, ruwan farko zai rufe ta. Shi kuwa teku, ƙaruwar faɗinsa ba ta wuce saurin tsirowar farce. Na sheƙo gida da murna. Ranar Juma'a ce aka saba in yanke wa Kaka farce, sai na kasa jira, na ɗauko reza ran nan na zauna a gabanta, na ce ta kwantar da hankali, babu gaggawa, Makka a hankali take matsawa kamar farce. Ta daɗe tana kallon hannunta a cikin nawa. "To ke sau nawa kika yanke su bana?" ta ce. Ban gane ba. Daga ranar na jefar da karan, na daina damun Baba.

Damina ta zo, tsagar ta rufe kamar yadda aka ce. Damina ta biyu Kaka ta rasu, riɗi yana fure. Mayafin nan aka yayyaga aka ɗaure tukwanen sadaka.

Yanzu an shafe tsakar gidan da siminti, babu inda ke tsagewa. Baba ya je ya yi mata hajji daga baya, a jirgin sama, ya ce tsallake ruwan bai kai shan kofin gahawa biyu ba, ya faɗa yana share ido. Na karanta sunayen zamunnan nan duka, na san awona shirme ne. Amma har yau in na ɗauki abin yanke farce sai haushi ya turnuƙe ni, haushin kaina ya fi na kowa. Ƙasa tana da miliyoyin shekaru, Kaka damina biyu ta rage mata. Da ma na ci gaba da yawo da karan nan.