Hamani Otomatik da Mabuɗin Ɗakin Kwamfuta

Ranar da motar Alhaji Bala ta dawo daga Kotono da kwamfuta huɗu cikin kwali, a damanar 2004, ranar ce Hamani mai gyaran rediyo ya sha kunyar da har yau ba a gama yi masa dariyarta a Ƙonni ba. Uku daga ciki na shagon ƙofar gida ne, inda Hamdiyya ɗiyar Alhaji za ta riƙa buga wa mutane takardun buro da na lakwal, wato na ofis da na makaranta. Ta huɗun baƙa ce, tsayinta ya kai gwiwar mutum, ita ce uwarsu. A cikin gida za ta zauna, duk abin da aka buga a shago ya bi waya ya je ya kwanta a cikinta.

Aka kunna uwar a zaure gaban ƴan majalisa. Hamani ya durƙusa ya kara kunne, ya ji fankar ciki tana tashi tana sauka, can ta yi gurnani, can ta yi shiru. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya sanar da jama'a cewa an cuci Alhaji, fanka ta gaji tun a ƙasar Turawa. Ya ce maganin ba wuya: zai yanke wayarta ya haɗa ta da wuta kai tsaye, ta riƙa gudu ɗaya kamar kowace fanka mai tarbiyya. Filaya ma tana hannunsa.

Sai Munkaila ya yi gyaran murya. Ɗan unguwa ne, shekararsa ta kusa talatin, bai daɗe da dawowa daga Yamai ba da dipulom na kwamfuta da wando mai karin guga. Ya fara da Faransanci don a san an je, sannan ya sauko Hausa.

"Baba Hamani, aje filayar nan. Ba ta lalace ba, otomatik ce."

Ya buɗe gefen akwatin ya ɓanɓaro wata siririyar waya mai ɗan kai kamar ƙwayar dawa, wadda aka manna a jikin ƙarfen da ya fi ɗaukar zafi. Ya ce wannan ƙwayar ita ke jin zafi, ta gaya wa fanka ta ƙara gudu ko ta rage, lambar kuma ta fito a ɗan gilashin da ke goshin akwatin. Hamani ya rantse babu ƙarfen da ke jin zafi har ya yanke shawara. Munkaila ya matse ƙwayar tsakanin yatsu biyu, lamba ta hau, fanka ta taso. Ya saki, ta lafa. Hamani ya ce dace ne. Munkaila ya miƙa masa ya ce to riƙe da kanka. Hamani na riƙewa fanka ta yi wani irin ruri da ba ta yi wa kowa ba, wani tsoho a majalisa ya ce ashe har inji ya san wanda cikinsa ke tafasa. Kafin la'asar sunansa ya koma Hamani Otomatik, Alhaji kuma ya ciro mabuɗin ɗakin da za a ajiye uwar ya ba Munkaila.

Don a gane ciwon, sai an san mene ne Hamani a gidan nan. Taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da izinin faɗin abin da wasu ke rufewa. A Tajaye aka haife shi, bai taɓa zama a bencin lakwal ba. Yana saurayi ya bi ƴan ci-rani zuwa Sakkwato, ƴan uwa suka dawo da zannuwa da keke, shi ya dawo da matacciyar rediyo da ƙarfen narka dalma. Uwarsa ta yi kuka kwana biyu. Rana ta uku rediyon ta yi magana, sai ta koma yi wa maƙwabta gori. Daga nan ya sauko Ƙonni ya kafa rumfa daura da gidan su Alhaji Bala, kusa da inda nake dama fura, ya auri Delu, wadda ta ce ita dai ta auri mutumin da aljihunsa ke huda ta da noti duk lokacin wanki.

Shekara ashirin da biyu babu abin da ke cin wuta a gidan Alhaji da bai bi ta hannun Hamani ba. Rediyon marigayi uban Alhaji, talabijin, firij, injin wuta, har agogon bango mai kiran salla. Ba ya sallama a zaure, shiga kawai yake. Hajiya Hawa'u, uwar Alhaji, tana ajiye masa tuwo ko ba a kira shi ba. Aikinsa da kunne yake yi da bayan hannu: ya saurara, ya taɓa, ya shinshina, ya ce ga inda ciwon yake. Yanzu ga ɗaki guda a gidan an kulle, mabuɗin yana lilo a ɗamarar wani.

Bai ce yana kishi ba. Ya dai gyara zaman bencinsa ya juya shi ya fuskanci tagar ɗakin. Ya daina kunna rediyo a rumfa, shi da ke sayar da sauti, wai kansa ke ciwo. Ni da ke gefe na san abin da yake saurare. Cikin wata uku ya haddace muryar fankar nan fiye da muryar Delu. Da safe tana raɗa, da hantsi ta ɗan taso, bayan azahar ta yi ta ruri har la'asar sakaliya. Idan Munkaila ya wuce yana kaɗa mabuɗi, Hamani ya sunkuyar da kai cikin wata rediyo da ya gama gyarawa tun jiya. Idan Munkaila ya gaishe shi, ya amsa da "Lahiya lau, mushe," wato "malam" da Faransanci, yana jan mushen kamar ƙosai a mai. Ya sayi tabarau na banza a kasuwa don Munkaila na da su. Ya taɓa tambayata, kamar da wasa, ko dipulom ɗin nan ana sayar da shi a Illela. Na ce ana sayarwa, amma ba a ba wanda zai riƙe shi a kife.

Shi ma Munkailan ba waliyyi ba ne. Yana jin haushin yadda Hajiya ke kiran Hamani "ɗana" shi kuma "yaron injin nan". Firij ɗin gidan ya taɓa tsayawa, ya shafe yini yana kewaya shi don kada a kira na rumfa, har naman Hajiya ya fara magana.

Haka aka yi shekara biyu, sai bazarar 2006 ta zo da zafin da kaji ke buɗe baki a inuwa. Fankar ta riƙa ruri tun hantsi, har Hajiya ta ce abin yana hana ta ƙailula. Ita ta ba da shawara a matsar da uwar kusa da randarta, tunda duk mai hankali ya san babu wuri mai sanyi a ɗaki kamar gindin randa. Randar a ɗakin take tun kafin a haifi Alhaji, a kan tulin rairayi, kuma Hajiya ba ta yarda kowa ya taɓa ta. Munkaila ke buɗe mata ɗakin ta jiƙa rairayin da kanta, da safe sau ɗaya, bayan azahar sau ɗaya. Munkaila, duk da Yamai, ɗan Ƙonni ne, ya ga maganar ta yi. Ya ja akwatin ya jingina da rairayin, ya cire marfin gefen da ke kallon randa don iska ta shiga.

Bayan ƴan kwanaki lambar goshin akwatin ta faɗo daga hamsin da wani abu zuwa ashirin da bakwai, fanka ta yi tsit. Munkaila ya fito majalisa yana faɗin lambar kamar an yi masa haihuwa. Ya tsaya daidai rumfar Hamani ya maimaita ta.

Washegari bayan azahar uwar ta mutu. Ta ɗauke kawai, ƴaƴanta uku a shago suka tsaya suna kallon Hamdiyya, ita kuma tana kallon layin mutane masu jiran takarda. Bayan awa ɗaya ta yarda ta tashi. Jibi haka, gata haka. Munkaila ya ce wutar gari ce ke rawa, aka koma injin gida, ta mutu. Ya ce cuta ce ta shiga ta faifan wani, ya wanke cikinta ya sake zuba komai, har sau uku, ta mutu. Aka tambaye shi ko zafi ne, ya nuna gilashi ya ce ga lamba nan, ashirin da bakwai, mai zazzaɓi ba ya nuna haka. Duk aikin nan a kan kujera yake yinsa, gaban allo. Mai wando irin nasa ba ya durƙusawa a rairayi.

Hamani kuwa tun rana ta farko ya ji. Ya ce mini, yana kurɓar fura, fankar ba ta tashi bayan azahar, kuma injin da ke aiki cikin wannan rana fankarsa na barci, mutuwa zai yi. Na ce to tashi ka gaya musu. Ya ce shi mai gyaran rediyo ne, kuma ba shi da mabuɗi. Kwana goma sha ɗaya yana zaune da maganar nan a baki. Bai taɓa ƙiba kamar a kwanakin ba. Ya dawo da kunna rediyo, har da rausaya kai. Da an idar da azahar sai ya duba agogo, in ya ji Hamdiyya ta yi tsaki a shago ya ce a ƙara masa fura. Delu ta ce masa ya ji tsoron Allah, yarinyar nan a gabansa aka yi sunanta. Ya ce ai jira yake a kira shi.

Ba a kira shi ba. Rana ta goma sha biyu direban Alhaji ya zo neman igiya a rumfar, ya ce za a ɗaure uwar a kai ta Sakkwato wurin wani gwani, in ya gyara ta, shi za a riƙa ɗaukowa duk wata ya duba ta. Na ga fuskar Hamani ta canza. Munkaila ya riƙe mabuɗi, wannan ya iya haɗiyewa, don yana da wanda zai harara kullum. Amma wani baƙo daga Sakkwato ya zo ya sa hannu a injin da shi ya yi shekara biyu yana saurare ta taga, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya hana igiyar, ya tsallaka titi ba ko takalmi, ni kuma na bar ƙwaryata na bi shi, don irin wannan ba a jin ta a bakin wani.

Ɗakin a buɗe yake. Alhaji na tsaye, Munkaila na kan kujera, Hajiya ta gama jiƙa rairayinta ke nan tana riƙe da moɗa. Hamani bai kalli allo ba. Ya ɗora bayan hannu a kan akwatin ya janye da sauri. Ya roƙi Hajiya izinin zagayawa bayan randa, ta ce ɗanta ne, ya zagaya. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa ta gefen da aka buɗe. Zafi ya busar da abin da aka manna wayar da shi, ta saki ƙarfen ta zubo waje, ƙwayar ta nutse cikin jiƙaƙƙen rairayi a gindin randa. Duk lokacin da rana ta fi zafi, lokacin ne Hajiya ke ƙara mata ruwa.

Ya ciro ta ya share da bakin riga, ya matse tsakanin yatsu biyu yana kallon Munkaila cikin ido, kamar yadda aka yi masa a zaure shekara biyu da suka wuce. Lamba ta hau, fanka ta taso. Ya mayar da ƙwayar jikin ƙarfenta ya ɗaure da zaren roba. Lamba ta haura saba'in, fanka ta yi rurin da aka ji har titi, sannan a hankali lambar ta fara saukowa. Aka zauna har la'asar, uwar ba ta mutu ba. Hajiya ta ce ita dai ta san randarta ba ta taɓa cutar kowa ba.

Alhaji ya miƙa hannu, Munkaila ya kwance mabuɗin daga ɗamara. Alhaji bai ba kowa ba, ya ajiye shi a kan akwatin tsakaninsu. Nan Munkaila ya buɗe baki. Ya ce wannan ba gyara ba ne, tsintuwa ce, kowa ya kwanta a ƙasa zai gani. Ya ce shi ya koya wa Hamani aikin ƙwayar nan da bakinsa, wanda gaskiya ne. Ya ce a ilimi da lamba ake aiki ba da bayan hannu ba, kuma shi bai yi kuskure ba, abin da gilashi ya nuna shi ya karanta. Ya juya ga Alhaji ya ce a tambayi kowa a Yamai, lamba ba ta ƙarya.

Hamani ya kakkaɓe rairayin cikinsa, ya ɗauki mabuɗin ya jefa a aljihun da ke huda Delu.

"Gaskiya taka, mushe, lamba ba ta yi ƙarya ba. Kwana goma sha ɗaya kana auna randar Hajiya, kuma mun gode, lahiyarta lau."