Baba Labaran da Ranar da Aka Buɗe Get

Ni dai an san ni da saurin fushi, kuma ba na musu. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da aji uku a wata firamaren Katolika da ke Tudun Wada, babu malamin da ban taɓa yi wa tsawa ba, har Fada sai da na taɓa gaya masa magana a kan alli. Sunana Beatrice, yara na ce mini Anti. Amma ba labarina zan bayar ba. Labarin Baba Labaran ne, mai gadinmu, mutumin da na kai ƙara da bakina ranar da muka koma makaranta bayan kullen korona.

Baba Labaran mutumin Gyallesu ne, Musulmi, dogo, siriri, kullum da farar jamfa da ta sha wanki har ta gaji. Da can gyaran keke yake yi a gindin darbejiyar bakin get ɗinmu. Tsofaffin malamai sun ce tun kafin ka sauka daga kan kekenka yake gaya maka abin da ke damunsa, daga jin ƙarar sarƙa kawai. Da tsohon mai gadi ya rasu, Fadan wancan lokacin ya ce masa, tunda a nan kake yini, ai sai ka riƙe mana ƙofar. Shekara ashirin da shida ke nan. Buzunsa da butarsa na cikin ɗan ɗakin gadi. In aka buga ƙararrawar addu'ar sha biyu, shi ke fita ya hana 'yan acaɓa yi mana hon. In azahar ta yi, ɗaya daga cikinmu kan tsaya masa a ƙofa har ya idar. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, haka muka tarar ana yi.

Yana da wata doka da ta daɗe tana ba ni haushi. Yaro ba ya shiga sai ya gaishe shi da baki. Ko kai ɗan wane ne, sai ka ce, "Ina kwana, Baba." Shi kuma ya amsa da sunanka da na ubanka. "Lafiya lau, Endurance 'yar Godfrey, ya jikin kakarki?" In yaro ya sulale shiru, sai ya kira shi ya dawo. In an tashi kuma, duk wanda ya zo ɗaukar yaro sai ya yi sallama ya faɗi wanda ya zo nema kafin a ba shi. Layi ya taru, ana latti, ni ina ta sababi. Sau nawa na ce masa, "Baba, wai get ne ko fadar mai unguwa?" Sai ya yi dariya ya ce, "Malama, tarbiyya ce."

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu. Muka ɗauka sati biyu ne, sai ga shi mun kusa cinye shekarar a gida. Ina tura darasi ta waya ga iyayen da rabinsu ba su da data, sauran rabin kuma uban ya fita da wayar. Ciyawa ta cinye filin taro. Baba ne kaɗai ke leƙowa ranakun da aka sassauta fita, ya buɗe tagogi ya share ganye ya koma.

Da aka ba da izinin komawa, hedimastanmu Mista Kato ya tara mu ya karanta sharuɗɗa. Kowa da takunkumi. Bokiti mai famfo da sabulu a bakin get. Ba musabaha, ba taɓa juna. Yaro ɗaya a benci ɗaya. Sannan ga wata na'urar auna zafin jiki mai kama da bindigar wasa, a saita ta a goshin yaro, a karanta lamba, wanda tasa ta haura a ware shi gefe. Jami'an lafiya na iya faɗowa kowace rana, in suka ga sakaci su sake garƙame mu. Aka miƙa wa Baba na'urar, tunda shi ne a ƙofa. Ya karɓa da hannu biyu. Ni aka ba ni wajen wankin hannu, taku goma daga inda yake.

Ranar Litinin ɗin da aka koma, kai, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Yara suka ɓullo daga kowane lungu, wasu a keke napep, wasu a ƙasa, riguna sun ɗage musu, wanduna sun tsaya a ƙwauri. Duk sun yi tsawo. Ga takunkumi ya rufe hanci da baki, 'yan mata kuma ga hula ko hijabi a sama, ido biyu kawai kake gani. 'Yan ajina da na yi rantsuwa zan gane su ko a kasuwa, na kira uku da sunan da ba nasu ba. Wata ta ce, "Anti, ni ce fa Rauda." Na ce, to Rauda, wa ya ce ki yi wannan girman ba izini?

A bayana kuwa ina jin Baba yana ta zuba sunaye kamar jiya aka tashi. Adnan ɗan Salisu. Rahma 'yar Yusha'u. Ba gargada, ba tambaya. Wasu yaran kuka suke fashewa da shi in ya kira su, su miƙa hannu, su tuna an hana, su mayar. Ni ma sai da idona ya ciko, na ce sabulu ne.

Rabin makaranta ta shige kafin na waiwaya na kalle shi sosai. Sai na ga yana saita na'urar a kunnen wani yaro. Na gaba a kafaɗa. Ko sau ɗaya bai juyo da ita ya duba ba. Na tako na fizge ta daga hannunsa. Gilashinta baƙi ƙirin, ko kunna ta ba a yi ba!

"Baba! Me kake aunawa tun safe? Iska?"

"Malama, yi haƙuri."

"Haƙurin me? So kake a sake rufe mu? In ba ka iya ba, ba sai ka faɗa ba?"

A gaban yara na yi masa wannan, a gaban iyaye. Na ƙarasa auna sauran da kaina, aka bi aji aji aka auna waɗanda suka riga suka shiga, na kira sunaye a ajina a gurguje, na wuce ofis ina huci. Mista Kato mutum ne mai sanyi, amma ranar ya tsorata. Ya ce in dai Baba ba zai iya aikin ƙofa yadda ake so yanzu ba, dole a sa wani. Lokacin hutun tara ya sa aka kira Baba, ya ce in tsaya tunda ni na kawo maganar.

Baba ya shigo ya tuɓe takalmi. Kafin a tambaye shi komai ya zaro makullai daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ba zan wahalar da kai ba. Ba na ganin lambar. Ba na ganin goshin ma."

"Tun yaushe?" in ji Mista Kato.

"Shekara uku ke nan rabona da fuskar mutum. Yanar ido ce ta rufe shi. Ina ganin haske, ina ganin inuwa tana motsi, shi ke nan."

Na riƙe baki. Shekara uku! Kullum ina wuce shi sau biyu, ina yi masa tsiya, yana ce mini Malama yau kin makara. Tun daga Gyallesu yake takowa shi kaɗai, yana bin gefen kwata. Babu ɗayanmu da ya lura, mu masu ido da tabarau.

Mista Kato ya daɗe yana murza goshi. Ya ce, "Baba, yanzu ba na'urar ce ta dame ni ba. 'Ya'yan mutane ne. Yaya zan bar su a hannun wanda ba ya ganin mai zuwa ɗaukarsu? In wani abu ya faru, me zan ce wa iyaye? Me zan ce wa Fada?"

"Gaskiyarka," in ji Baba. "Zan tafi. Amma kafin in tafi a rubuta waɗanda ba su dawo ba, don kada su ɓace a hannun sabon mutum. Su goma sha huɗu ne."

Ya fara daga aji ɗaya. Suna, sunan uba, unguwa, wani har da kalar ƙofar gidansu ta da. Mista Kato ya aika aka tattaro rajistar kowane aji, yana bi da biro. Wannan babu, haka ne. Wannan ma babu. Har aka kai ƙarshe. Goma sha uku sun yi daidai. Na goma sha huɗun, Sumaiya 'yar Kailani, a ajina take, kuma na yi mata alamar ta zo.

Nan fa na samu abin riƙewa. Na ce, "Ka gani ko, Baba? Sumaiya na nan a bencin gaba. Ita kaɗai ce ma na gane da kallo ɗaya, ko canzawa ba ta yi ba."

"Ba ta zo ba, Malama."

"Ni da na gan ta da idona?"

"Ƙanwarta ce, Ishatu. Ba 'yar makarantar nan ba ce, amma takan rako uwarsu ɗaukar Sumaiya. Ta gaishe ni ƙasa ƙasa, na ce Ishatu, ina yayarki, sai ta ruga. Na so in gaya miki, kina cikin fushi."

Na fita fuu kamar zan tashi sama, Mista Kato na biye da ni. Na tarar da ita a bencin gaba, ba ta fita tara ba, ta ƙanƙame jaka. Jakar Sumaiya, hijabin Sumaiya mai ɗinkin shuɗin zare a gefe, tsawon Sumaiya. Na ce, "Sauke takunkumin." Ta sauke a hankali. Yesu! Wata fuska daban, ga giɓin haƙori biyu a gaba.

Sai a lokacin kaina ya yi aiki. Kowa ya girma a watannin nan, ita kaɗai na gani daidai yadda na bar ta a watan Maris, kuma maimakon in yi mamaki sai na ji daɗi. Ashe ƙanwar ce ta girma ta kai inda yayar take a da.

Yarinyar ta fashe da kuka, da ƙyar muka lallashe ta ta yi bayani. Sumaiya na kwance a gida a Kwangila, ciwon sikilarta ya tashi. Sun ji ana cewa benci ya yi kaɗan yanzu, duk wanda bai zo ranar farko ba an ba wani wurinsa. Sumaiya ta ƙi cin abinci, tana ta kuka, shi ne uwar ta sa wa Ishatu kayan ta ce ta je ta zauna, kada ta yi magana da kowa. Na durƙusa na ce mata bencin Sumaiya na nan ko shekara za ta yi, wanda ya taɓa shi ni da shi ne. Na kira sunan yarinya da safe, na ba ta sabulu, na yi mata darasi biyu, ban san ba ita ba ce. Tsoho da ba ya gani ya gane ta da kalma uku, daga bayan ƙyalle.

Muka koma ofis. Baba na tsaye inda muka bar shi, ko zama bai yi ba. Mista Kato ya zauna, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Baba, a shekara ukun nan, ka taɓa ba wani yaron da ba nasa ba?"

"Allah bai nufa ba, ranka ya daɗe."

"To." Ya ɗauki na'urar ya turo mini ita. "Malama Beatrice, tunda ke kika fi kowa iya karanta lamba, daga gobe bakwai saura kwata kina bakin get. Ke ki auna zafi, shi ya faɗa miki ko waye. Zan yi wa Fada bayani da kaina, kuma ranar Laraba za a kai shi asibiti a duba idon nan. Baba, ɗauki makullanka."

Ni da ban taɓa karɓar umarni ban yi ƙorafi ba, na ce to. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Na wulaƙanta ka a gaban yara." Ya ce, "Ai gaskiya kika faɗa, 'yata. Ni ne na ɓoye. Tsoro nake ji a ce in zauna a gida. Watannin nan da ba muryar yaro ko ɗaya, a cikinsu ne na san na makance."

Ya miƙa hannu kan tebur yana lalube. Ya taɓa rajista, ya taɓa kofin shayi, makullan na gefe kaɗan bai kai gare su ba. Ban taɓa ganin yana lalube ba, ashe duk abin da ya ajiye a wuri ɗaya yake ajiye shi kullum, yau ne kawai rajistoci suka ture su. Na tura masa su har suka taɓa yatsunsa. Ya damƙe, ya sa a aljihu, ya laluba takalminsa da ƙafa.

A bakin ƙofar ofis ya tsaya. Na ɗauka wata magana ce ta rage.

"Malama, tunda yanzu kowa ya sani," ya ce, murya ƙasa, "akwai matakala uku a nan. Shekara uku ina jin tsoronsu."

An hana taɓa juna, ni da kaina na rubuta a allo da safe. Na kama hannunsa, muka sauka ɗaya bayan ɗaya.