Bakwainin Da Ba Mu Sa A Kwalba Ba

Shekarar da soja suka koma bariki na fara aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Agege, bayan layin dogo. Ina da takardar shaida, amma duk abin da na sani hadda ce. In an ce a yi kaza, sai in yi.

Shugabarmu wata dattijuwar nas ce, Bayarbiya, wadda ta tashi cikin Hausawan unguwar har Hausarta ta fi tawa daɗi. Mama muke ce mata. Duk Laraba bayan azahar takan tara mu, mu biyar, ta raba mana takardun binciken likitoci da take shiga motar haya ta danfo ta je can cikin gari ta kwafo. In ka ce mata ai haka aka saba yi, sai ta sauke tabarau ta ce, "Wa ya gwada? A kan mutum nawa? Me ya gani?" Da farko haushi tambayoyin nan suke ba ni.

Wata rana muka karanta takarda kan bakwaini. An nuna cewa in jaririn yana numfashi da kansa lafiya, ana iya kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure da zane, ɗumin jikinta ya riƙe shi.

Na ce, "Mama, a gida da auduga ake naɗe bakwaini, a asibiti kuma kwalba ake sa shi. Wannan kam ban gamsu ba."

Ta ce, "Ban ce ki gamsu ba, 'yata. In ranar ta zo, ki auna."

Ranar ta zo da damina. Aka kawo wata mata 'yar Nijar, mijinta yana sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12. Ta haifi 'ya mace da wata bakwai da 'yan kwanaki. Kwalbarmu ɗaya ce, kuma akwai jaririn da ya fi ta buƙata a ciki. Likita ya duba yarinyar, ya ce numfashinta lafiya, sanyi ne abin tsoro. Da na taɓa ƙafarta, kamar an tsamo ta daga randa.

Mai jegon ta ce, "Sista, tsoron ɗaukarta nake, kada ta karye a hannuna."

Mama ta ce, "Wata bakwai tana jikinki ba ta karye ba. Buɗe rigarki."

Muka kwantar da jaririyar a ƙirjin uwar, muka sa mata 'yar hula, muka ɗaure su da zane. Mama ta miƙo mini ma'aunin zafin jiki da takarda, ta ce in riƙa aunawa ina rubutawa. Awon farko bai nuna wani canji ba. Na biyu ya ɗan motsa. Kafin la'asar zafin jikinta ya kai daidai, ƙafafun nan sun yi ɗumi, har ta fara motsa baki tana neman nono. Na tsaya riƙe da takardar ina ta maimaita Subhanallahi. Abin da wasu suka gwada a wata ƙasa mai nisa, ga shi ina gani da idona a Agege.

Na ruga na gaya wa Mama. Ta yi murmushi ta ce, "Jaririya ɗaya ba ta isa hujja ba. Ci gaba da rubutawa, har da ranar da abin bai yi yadda kike so ba."

Kwana na uku mijin ya zo, ƙato, tafin hannunsa duk kanta. Matar tana son yin wanka, sai Mama ta sa ya wanke hannu da ƙirji ya zauna.

Ya ce, "Ni, Mama? Namiji?"

Ta ce, "Kai ba ka da ɗumi ne?"

Muka ɗaura masa 'yar. Mutumin da ke saɓa buhu a kafaɗa ya zauna ko motsin kirki ya kasa yi, leɓensa na rawa da addu'a, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. 

Bayan 'yan makonni nauyinta ya ƙaru, likita ya sallame su. Uwar ta fita da ita a ƙirji cikin mayafi, uban yana gaba yana tare musu baburan 'yan okada har suka kai bakin titi.