Malam Ɗahiru, Na'urarka Tana Nan a Saman Bene

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 10 ga Afrilu, 2001, Allah Ya karɓi ran Malam Ɗahiru na Gyadi-Gyadi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Tare muka yi makarantar midil, kuma shi kaɗai ya rage mai leƙo ni a Tarauni tun da mai ɗakina ta rasu, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Ɗahiru, mutane sun san ka da koyar da kimiyya, amma kaɗan ne suka san dalilin da ya sa kake hawa saman bene da tsakar rana bayan ka yi ritaya. 'Yarka Uwani zabiya ce. Kai ka fahimtar da ni cewa a cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, shi ke ƙona fatar irinsu har ya zama ciwon daji. Da tsohuwar na'urarka mai murfin gilashi kake auna shi, sannan ka aika wa iyayen zabiya su tsare yara a inuwa. Maman Nkem ta Darmanawa ta gaya mini da kuka cewa kai ka sai wa ɗanta malafa.

Da mulkin farar hula ya dawo, wata ƙungiya ta raba wa zabiya ƙananan na'urori kamar agogon hannu, kore a fita, ja a koma inuwa. Alhaji Tanko ɗan kwangila ne ya shigo da su. Kowa ya yi murna ban da kai. Ka jera su kusa da taka, ka goge gilasan, ka jira rana ta take. Taka ta ce haɗari, nasu suna kore. Ba ka yarda da taka ba ma, sai da ka aro ta uku wurin wani tsohon ɗalibinka, ita ma ta bi bayan taka. Ka zo ka same ni a kan tabarma ka ce, “Malam, gara babu da wannan. Yaro zai ga kore ya fita.”

Ba na zargin kowa da mutuwarka, rai na Allah ne. Amma akwai abin da na gani a zaman makoki. An kawo ni a mota, sai ga Alhaji Tanko, mutumin da ya daina amsa sallamarka tun bara da ka ce na'urorinsa ba su da kyau, ya zauna dab da ni. Ko addu'a bai gama shafawa ba ya ce, “Baba, wannan tarkacen na sama, ai damina na tafe. Bari in turo a sauke, in adana wa iyali.” Na ce, “Alhaji, matakalar ta cikin gida take, kuma matarsa Hajiya Indo tana takaba.” Ya yi dariya ya ce, “Baba, har yanzu kanka na ja.” Da zai tafi na ji yana tambayar yaushe za a yi rabon gado.

Wataƙila tsufa ne ya sa nake ganin abu a inda babu. Sai dai tunda ɗalibinka ya karɓi tasa, na'urarka kaɗai ta rage da za ta ƙaryata waɗancan agogunan, kuma har yau yara suna ɗaure da su a hannu. Takaba za ta ƙare, ni kuwa ban san ko zan kai lokacin ba. Saboda haka nake roƙon magada a bainar jama'a: kada a haɗa ta da kayan da za a sayar. A sa ta a kason Uwani, ita ta iya karanta ta, ita kuma fatarta ce a ciki.

Allah Ya jiƙanka, Ɗahiru, Ya yafe maka, Ya sanya ka a inuwar Al'arshinSa. Allah Ya ba Hajiya Indo da Uwani da sauran dangi haƙurin rashi. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.