Shekarar da Gambar Nababa Ta Daina Tafiya

Duk wanda ya san ƙauyen Rijiyar Marke, can gefen Tsanyawa, ya san Nababa, kuma ya san ba a gaishe shi sau biyu a rana ɗaya. In ka yi masa ina kwana zai amsa. In ka ƙara da ina wuni, sai ya tsaya ya dube ka daga hula har takalmi, yana neman abin da ka zo ɗauka. Mutum ne da in ya sayo taki sai ya murza shi a tafin hannu, wai kada a haɗa masa da yashi. Ko matarsa Kulu, da suka haura shekara arba'in tare, in ta zuba masa man shanu a tuwo alhali ba Sallah ba, sai ya ajiye loma ya ce, "Me ya faru?"

Ba haka kawai ya zama haka ba. Mahaifinsa, marigayi Malam Iliyasu, shi ne ya yanki gonarsa ya bayar aka gina makarantar firamaren ƙauyen. Da ya rasu aka raba ragowar tsakanin magada goma sha ɗaya, sai Nababa ya tashi da wani ɗan siririn yanki da ke manne da filin makarantar. A ƙasarmu kuwa kowa ya sani, babu dajin da za ka je ka sara, gona tana ƙarewa ne inda ta wani ta fara. Rani ashirin ya yi yana ci-rani a Kano, yana tura kurar ruwa, ya dawo da ciwon baya da kuma rashin yarda da duk wanda ya yi masa murmushi. Ɗansa Basiru ya tafi Kudu neman abinci, ya bar masa jika guda, Huseina. Ita kaɗai ce a duniya take fizge masa hula ta gudu bai ce komai ba. Yana kiranta Amarya, ita kuwa ta ce masa Tsoho mai rowa, su yi ta yi har Kulu ta kore su daga tsakar gida.

To, tsakanin gonar Nababa da filin makaranta akwai layin gamba, wadda marigayin ya dasa da hannunsa ranar da ma'aikata suka zo awo. An ce a ranar an ja igiya daga gindin darbejiyar da ake rataye ƙararrawa zuwa gambar, aka samu mita ɗari cif. Shi ya sa makarantar ba ta taɓa mallakar abin awo ba. Duk shekara in za a yi tsere, daga darbejiya ake tashi, a gamba ake tsayawa.

Sai shekarun nan masu wuya suka zo, waɗanda buhun taki ya fi akuya tsada, rumbu kuma ya riƙa ƙarewa tun kafin ruwan fari ya sauka. Nababa ya tsaya a bakin gambar yana kallon filin makaranta, ƙasa baƙa wuluk, ta shekara arba'in da ɗoriya tana hutawa, ba abin da ake shukawa a kanta sai ihun yara. Wata Juma'a bayan ruwan shuka, da maza suka ɗunguma masallaci a Tsanyawa, ya ce bayansa ya motsa. An tashi makaranta, mata suna cikin gida. Ya ɗauki fartanya ya haƙe gambar gindi-gindi da ƙasarta, ya matsar da ita gaba, ya ƙara wa kansa kunya uku. Gamba kuwa in ta samu laima, kwana uku ta kama, sai ka rantse a nan aka halicce ta.

"Ai ba sata ba ce," in ji shi a ransa. "Gonar ubana ce."

Haka ya yi shekara huɗu a jere. Kulu ba ta taɓa tambaya ba, sai dai a shekara ta uku, tana miƙa masa ruwan wanke hannu, ta ce, "Malam, ciwon bayan nan naka ya san ruwan shuka, ya kuma san Juma'a." Ya yi kamar bai ji ba.

A shekarun nan ne kuma Huseina ta fito a gudu. Hedimasta, Malam Muhammadu Sani, mutum mai saurin murna, shi ke riƙe waya yana duba lokaci, kuma duk ranar rufe makaranta, in ya tashi karanta wa iyaye labaran shekara, sai ya ajiye zancen tsere a ƙarshe kamar nama a miya. Bana yaranmu sun fi bara sauri! Bara ma haka ya ce. Iyaye su yi ta tafi, wasu su ce ruwan rijiyar garin ne. Kaico, ba wanda ya taɓa tunanin ya taka filin ya ƙirga.

Da Huseina ta kai aji biyar aka ɗauke ta a bas zuwa gasar makarantu a cikin gari. Da la'asar ta dawo, ta jefar da takalmanta a zaure, ido jajur.

"Amarya, ina kyautar tawa?" in ji Nababa.

"Sun cuce ni, Tsoho. Wallahi ni ce a gaba! Na zo daidai inda ake tsayawa, na saki jiki, ashe zaren yana can gaba. Yara uku suka wuce ni. Filinsu ya fi tsawo, ƙarawa suka yi don 'ya'yansu su ci. Ni da gudu har abada."

Nan take Nababa ya gane abin da ya faru. Ƙafafun yarinyar sun haddace filin da ya rage mata, taku nawa ne, ta tsaya inda gambarsa ta koya mata tsayawa. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Mutanen gari ai sai a hankali."

Tun daga makon nan ya rasa sukuni. Akwai wani sabon malamin lissafi, Malam Tasi'u, saurayi siriri mai tabarau, wanda shi ya raka yaran gasar. Nababa yana noma ya hango shi ya tashi daga gindin darbejiya, yana jefa ƙafa da faɗi, leɓensa yana motsi. Ya zo gamba ya tsaya. Ya koma ya sake. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Geron nan na bakin iyaka ya yi kyau."

Na bakin iyaka! Me ya sa bai ce gero kawai ba? Da yamma kuma yaron nan ya sake gaishe shi a ƙofar masallaci. Gaisuwa biyu a rana ɗaya. Nababa ya sha jinin jikinsa.

Bayan kwana goma Huseina ta kawo takarda daga hedimasta, ta karanta masa: ana gayyatar Baba Nababa taron rufe makaranta, kuma an tanadar masa kujera a gaba.

"Ni? Shekara nawa ina tsugunawa a bayan mutane, yau ne aka san da ni?" Ya juya ga Kulu. "Tarko ne. So suke su zaunar da ni inda ba zan iya sulalewa ba, su tozarta ni a gaban mai unguwa, su karɓe geron."

Kulu ta ce, "Wane geron?"

Ya yi tunanin mayar da gambar, amma ina! Gero ya kai ƙirji, wanda ke kan kunyoyin nan goma sha biyu ma ya fi na ko'ina, shi ne abincin wata biyu cur. Ya yi tunanin ciwon baya, ya ga ƙin zuwa ya fi zuwa tona asiri. Ranar taro ya sa tsohuwar babbar rigarsa ya tafi kamar mai zuwa gaban alƙali.

An jera bencina a inuwar darbejiya, maza a gaba, mata da goyo can baya. Aka zaunar da shi a kujerar roba kusa da mai unguwa. Aka miƙo masa ruwan leda, ya juya shi ya duba, ya ajiye bai sha ba. Hedimasta ya gyara murya ya fara karanta labaran shekara. Iska ta yaye rufin aji huɗu, an haɗa su da 'yan aji uku, yara casa'in a ɗaki ɗaya. Abincin da ake dafa wa yara ya tsaya tun zango na farko, kuma tun da ya tsaya yara goma sha bakwai ba su dawo ba. Malama Asama'u ta haihu, namiji. Wata akuya ta cinye rabin rajistar aji biyu, kuma an san mai ita. Mai unguwa ya yi tari, jama'a suka kwashe da dariya. Nababa bai yi ba, jira yake.

"Sai maganar tsere," in ji hedimasta, ya haɗe rai. "Jama'a, an cuce mu a gari. Yarinyarmu Huseina, da idona nake duba lokacinta, babu yadda za a yi ta zo ta huɗu sai in an ƙara tsawon fili. Na rubuta takardar ƙorafi, ga ta nan. Namu filin mita ɗari ne cif tun ranar da marigayi Malam Iliyasu ya dasa gambar can. Shi ya sa muka gayyato ɗansa, mutumin da kowa ya san ko ƙwayar gero ba ta ɓata a gabansa bai gani ba. Baba, tashi ka shaida wa jama'a cewa gambar nan tana inda mahaifinka ya bar ta, mu sa sunanka a takarda."

Tabɗi! Ashe ba kama shi za a yi ba. Duk zargin da ya yi kwanaki yana dafawa, babu ko ɗaya. Kalma ɗaya zai faɗa ya koma gida da geronsa da mutuncinsa, har da tafi. Ya dubi Malam Tasi'u, ya ga ya sunkuyar da kai yana goge tabarau da bakin riga. Nan ya gane yaron ya sani sarai, ya ƙirga, ya kuma yi shiru don ya san yadda gari yake. Ba wanda zai tona shi.

Sai ya hango Huseina a layin 'yan aji biyar, ta miƙe tsaye don ta gan shi da kyau, fuskarta cike da alfahari. Tsohonta zai tashi ya ƙwato mata haƙƙinta. Ya ga yadda take harara wajen hanyar gari, irin hararar nan tasa sak. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta fara koyon cewa duk wanda ya wuce ta cuta ya yi. Wannan ne ya soke shi, ya ji tausayinta da haushin kansa.

Ya miƙe, ya ce, "Hedimasta, kada ka aika takardar nan. Ku biyo ni."

Ya ratsa filin, jama'a na biye da shi ana kallon juna. Ya tsallake gambar ya kutsa cikin geron, yana ƙirgawa da ƙarfi, har goma sha biyu. Ya buɗa ganye da hannu. Ga tohon tsohuwar gamba nan a jere, kore shar, wadda duk shekara yake sarewa tana sake fitowa.

"Nan marigayi ya dasa ta. Mutanen gari ba su ƙara komai ba. Ni na rage."

Wata tsohuwa ta yi salati. Hedimasta ya ninke takardarsa gida huɗu ya cusa a aljihu. Mai unguwa, da yake shi ma ya san yunwa, ya ce a bar maganar sai bayan kaka, a bar mutum ya girbe abinsa tukuna.

Nababa ya ce a girbe, amma ban da hanya ɗaya. Ya sunkuya da ciwon bayan nan nasa na gaske, ya tumɓuke gindin gamba guda, ya bi layi yana tuge geron da ya ci takinsa da guminsa, har ya buɗe hanyar da mutum ɗaya zai wuce. Ya tsaya a ƙarshenta, ganyen gero a hannu.

"Amarya, koma gindin darbejiya. Ki taho har inda nake."

Ta dube shi. "Kai ne, Tsoho?"

"Ni ne."

Ta cire takalmanta ta tafi. Malam Tasi'u ya tafa hannu, ta taso kamar an harba ta. Da ta iso inda ta saba tsayawa sai ta fara sassauta gudu, Nababa ya daka tsawa, "Ba nan ba ne! Taho!" Ta ƙara wuta ta shigo cikin geron. Ya buɗe hannu zai tare ta, ta kauce ta wuce shi, ba ta tsaya ba sai gida.

Bayan kaka gamba ta koma mazauninta, kuma ba ta ƙara motsi ba. Kulu ta rage hannu a awo, suka kai damina da ƙyar. Huseina ta koma gudu, har ta zo ta biyu a gari da shekara ta zagayo, hedimasta ya karanta a labaran shekara aka yi tafi.

Sai dai hular Nababa ta zauna lafiya a kansa tun daga ranar nan. In ya ce Amarya, sai ta ce, "Na'am, Kaka." Kullum da safe takan durƙusa har ƙasa ta yi masa ina kwana, da yamma ta sake durƙusawa ta yi masa ina wuni. Gaisuwa biyu a rana ɗaya, kuma bai taɓa tambayarta me ya faru ba.