Hancin Baba

Jiya a ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu malama ta buɗe kwalbar sifirit. Warin ya doki hancina, sai na daina jin abin da take faɗa. Na koma gidanmu na unguwar Ulaisha a Riyad, ina 'yar shekara tara, ina kallon Baba yana wanke hannu.

Ku da ba ku san shi ba, Baba hanci gare shi. Kafin ya zo Riyad turare yake sayarwa a Kano, kuma a nan ma duk wanda ya sayi man turaren oud a kasuwar Batha sai ya kawo masa. Yakan ɗiga a bayan hannu, ya bari ya ɗumama, ya rufe ido, sannan ya ce na gaske ne ko an sirka. Kowace Juma'a bayan masallaci falonmu cike yake da 'yan gida, direbobi da magina da ɗaliban jami'a. Mama ta dafa shinkafar kabsa, ta tuƙa tuwo, ni kuwa in jera takalma a bakin ƙofa. Na san kowa da takalminsa, ko da yake ba na magana da kowa.

Baba direba ne a gidan wani Bature ma'aikacin ofishin jakadanci, irin waɗanda aka yarje musu ajiye giya a gida. Wata la'asar cikin tsananin zafi ya dawo ya wuce famfo kai tsaye. Sau biyar ya sa sabulu. Ina bayan ƙofar kicin da littafina, na ji yana gaya wa Mama. Baturen ya gano hancinsa. Ya samo wiski kwalba biyu, wai na sha'ir zalla, wanda aka ɗura daga gangar katako ba a sa masa ruwa ba, yana so a tabbatar masa ba jabu ba ne. Ya ɗiga a tafin Baba, ya ce ya murza har zafin ya tashi, sannan ya shinshina.

"Me ka ce masa?" in ji Mama.

"Na ce akwai hayaƙi, da jiƙaƙƙen katako, can ƙarshe busasshen dabino. Da ya ɗiga ruwa kaɗan a kofin ƙamshin ya ƙara buɗewa. Kwalba ta biyun kuwa an sirka ta."

"Malam, ai da ka ƙi."

"Iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar nan mu duka, a hannunsa take. Ko ɗigo bai taɓa leɓena ba, Allah ne shaida."

Ni abin da na ji kawai shi ne Bature da kansa yana neman babana. Na riƙe maganar a ciki kamar alewa a kumatu.

Ranar Juma'a Kawu, ƙanin Mama da ke karatun shari'a, ya zo da man oud da yake son sayar wa mutane. Ana cikin cin abinci ya miƙa. Baba ya ɗiga, ya jira, ya ce, "Malam ƙarami, an sirka maka."

Kawu ya yi yaƙe. "Yaya, hancin nan naka ya fara tsufa."

Aka yi dariya. Ni da ban taɓa buɗe baki a falon nan ba, na ce daga wajen takalma, "Bai tsufa ba. Ko giyar Bature yana gane wadda aka sirka."

Har yau ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki a cikin shirun da ya biyo. Kawu ya dubi hannun Baba, hannun da ke cikin tire ɗaya da nasu, ya janye nasa a hankali. Baba ya yi bayani, aka gyaɗa kai, wani ya ce Allah ya kyauta. Juma'ar da ta biyo takalman mutum bakwai na jera. Ta gaba, uku. Daga nan sai na Baba kaɗai, da ƙurar hanyar masallaci a kansu.

Baba ya gaya wa Baturen ba zai ƙara ba. Da shekara ta ƙare ba a sabunta aikinsa ba. Da ƙyar ya samu wani kafili da zai tsaya masa kan takardar zama, ya koma ɗakin ajiyar kaya a unguwar Sulay, cikin jarkokin sinadarin wanke-wanke. A can hancinsa ya mutu, kaɗan-kaɗan. Bai taɓa yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Da ya yi, da na san inda zan ajiye abin.

Yanzu Kawu shagon turare gare shi a unguwar Shifa, kuma can ake taruwa ranar Juma'a. Baba kuwa da safe yakan miƙo mini kwalin madara ya ce, "Uwata, shinshina mini, ta lalace?" Hancinsa na gada. Tun daga ƙofar shagon Kawu nake jin kwalaben da aka sirka. Ban gaya wa kowa ba.