Dutsen Buba Yana Cikin Gwangwani

Shekara goma ke nan da safiyar da Yohanna ya yi sallama a gidanmu na Limawa. Ina tsugune ina wanke-wanke, hannuna duk kumfa. Na san shi, ɗan Nassarawo ne, tare suka shiga soja da ƙanena Buba, kuma ya sha cin tuwo a tsakar gidan nan. Amma ranar bai shigo da zolayar da ya saba ba. Tun daga zaure ya cire takalmi, yana jan ƙafa ɗaya, jakar Buba rataye a kafaɗarsa. Da na ga jakar ban tambayi komai ba. Inna ce ta fito daga ɗaki, ta dube shi, ta yi salati, sannan ta ce, "Ina kuka ajiye shi?"

"Inna, ba mu iya ɗauko shi ba," in ji Yohanna.

Da la'asar aka yi wa Kofur Buba salla a ƙofar gida, ba gawa, ba makara. Mutane suka yi addu'a suka watse, domin babu maƙabartar da za a raka kowa.

Ba na rubuta wannan don in zargi wani ba. Lokacin garuruwan arewacin jihar nan suna faɗawa hannun masu tayar da ƙayar baya, Yola da Jimeta sun cika da mutanen da suka gudo da kayan jikinsu kawai. Ba gidanmu kaɗai aka kawo wa jaka ba. Abin da nake so in faɗa ƙarami ne, wani aike ne da Buba ya yi mini, ban cika ba.

Kamar mako uku kafin rasuwarsa ya kira ni da hantsi. Ina jin hayaniyar maza da ƙarar cokula a bayansa.

"Adda, na samo miki aiki," in ji shi. Haka yake kirana, wato yayarsa.

"Ina da aiki tun kafin ka kira," na ce masa.

Ya yi dariya, ya ba ni labari. Wai idan sun zauna cin abinci, sukan yi wata gardama don rage zullumi: cikin manyan mayaƙan da suka shuɗe, wa za ka fi so ka gani ido da ido, kuma me za ka tambaye shi? Kowa da gwaninsa. Wani ya zaɓi baturen da suka karanta a makaranta, wanda ya ci ƙasashe da yawa. Wani ya zaɓi sarauniyar da ta ja maza zuwa yaƙi. Yohanna ya ɗauko nasa daga littafin addininsu. Shi kuwa Buba ya ce ba ya son kowa sai sarkin yaƙin da Bappa yake ba mu labarinsa muna yara.

Bappa yayan mahaifinmu ne, manomi a Mbamba. Yakan ce a zamanin kakanninsa an yi wani sarkin yaƙi a ƙasar nan wanda ba a tuna shi da yawan garuruwan da ya ci. Abin da aka san shi da shi ɗaya ne. Kafin a fita yaƙi, kowane mutum nasa yakan ajiye dutse ɗaya a bakin gari. Idan aka dawo, kowa ya ɗauki nasa. Duk dutsen da ya rage a ƙasa, mutum ne bai dawo ba. To shi wannan sarkin yaƙi ba ya shiga gidansa, ba ya ganin iyalinsa, sai ya koma ya ɗauko mai dutsen, da rai ko ba rai, ya danƙa wa uwarsa.

"Sun ce ƙarya nake, Adda. Wai mutumin da ba shi da suna ba a yi shi ba. Ki je Mbamba ki tambayi Bappa sunansa, in rufe musu baki."

Daga nesa na ji muryar Yohanna yana cewa, "Adda, kar ki wahala, tatsuniya ne!"

Na ce zan je ranar Juma'a. Juma'a ta zo, gidan cike da dangin Inna da suka gudo, tukunya ba ta sauka daga murhu. Na ce sai wata Juma'ar. Mbamba ba nisa gare ta ba, ƙetare ne kawai zuwa cikin Yola. Da na so, da na je na dawo kafin azahar. Na ɗauki maganar a matsayin wasan samari.

Sai bayan sadakar bakwai Yohanna ya dawo ya nemi ganina ni kaɗai. Ya fito da tsohon gwangwanin madara daga aljihu ya miƙo mini. A ciki akwai farin dutse ɗaya, ɗan ƙarami, mai santsi, irin na bakin Kogin Binuwai. Ya ce ko da suna yi wa Buba dariya, shi ya sa suka fara yin irin na mutanen sarkin yaƙin. Kafin su fita sintiri, kowa cikin rukuninsu yakan jefa tsakuwarsa a gwangwanin, a bar shi a sansani, in an dawo kowa ya ɗauki tasa. Dutsen Buba kowa ya san shi, domin daga gida ya tafi da shi. A ranar ƙarshe aka tare su a hanya, wuta ta yi yawa, aka ba da umarnin ja da baya. Yohanna ya ga inda Buba ya faɗi, kusa da wata tsamiya, amma shi ma Yohanna an harbe shi a ƙafa, ɗauko shi aka yi.

"Na waɗansu ma ya rage a ciki," ya ce. "Na kai wa iyalansu. Wannan naku ne."

Bayan arba'in na tafi Mbamba. Dangi sun riga sun yanke cewa ba za a faɗa wa Bappa ba. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, kuma a wajenmu ba a ɗora wa tsoho irin wannan nauyin idan ana ganin zai karya shi. Na same shi a kan tabarma a inuwa. Muka gaisa, na kawo zancen sarkin yaƙin, na tambayi sunansa kamar hira kawai nake.

"Ke yaushe kika fara son labarin yaƙi? Wa ya aiko ki?"

"Buba ne, Bappa."

Ya yi murmushi. "Ɗan banza. Ya sa kaki ya manta hanyar Mbamba, sai aike. Ki ce ya zo da ƙafarsa in faɗa masa."

Na zauna ina kallon hannuwansa. Kalma uku ce tsakanina da sunan, in ce Buba ya rasu. Ban faɗa ba. Na ce to, zan gaya masa. Kafin damina ta ƙare Bappa ma ya rasu, yana jiran Buba ya zo. Na tambayi sauran tsofaffin unguwar. Wani ya ce ya taɓa jin labarin amma ba sunan ba. Wani ya ce Bappa ne ya ƙirƙira don yara.

Nakan tambayi kaina me Buba zai ce da ya ga garin nan yau. An kwashe yawancin buhunan yashin shingayen sojoji da ke kan tituna. Kasuwa ta cika, an yi sababbin hanyoyi, waɗanda suka gudo da yawa sun koma gida sun ci gaba da noma. Ina jin zai ji daɗin wannan. Amma zai ga har yanzu ana ɗaukar samari ana tura su daji, har yanzu ana kawo jakunkuna, sai dai yanzu labarin ba ya kwana biyu a bakin mutane. 'Ya'yana sukan nuna mini a waya jerin jaruman tarihi, kowa da hotonsa da yaƙe-yaƙen da ya ci. Ban taɓa ganin an jera wani don ya dawo da matattunsa ba.

Inna ta rayu shekara shida bayansa. Duk sallar idi, idan maza suka dawo daga ziyarar maƙabarta, takan shiga ɗaki ta ja labule. Ba ta taɓa kuka a gabanmu ba. Abin da ta nema kawai shi ne a nuna mata wuri, ko da tudun ƙasa ne, ta san inda za ta juya fuskarta in tana masa addu'a.

Yohanna ya bar aiki saboda ƙafar, yanzu gadi yake a wani shago a Jimeta. Sau biyu ya koma inda Buba ya faɗi da kuɗin motarsa bayan hanya ta buɗe. Ya ce an sare tsamiyar, an nome wurin, mutanen ƙauyen kuma sun ce da suka dawo sun binne waɗanda suka tarar a wurare da dama, ba su san wane ne wane ba. A watan jiya ya zo gaisuwa, na tambaye shi ko har yanzu gwaninsa na nan. Ya girgiza kai.

"Adda, ni ma yanzu mutumin Buba nake so in gani. In tambaye shi, idan wuta ya yi yawa, kai ma an harbe ka, yaya ake komawa?"

Ban san ko an yi wannan sarkin yaƙi ba. Na dai san ƙanena ya yarda an yi shi, har ya sa maza masu bindiga suna jefa tsakuwa a gwangwani don kada a manta da kowa a daji. Abin da ya rage mini nasa ke nan: wannan yardar, da jakarsa, da lambar wayar da ban goge ba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan waɗanda suka faɗi tare da shi.

Gwangwanin yana kan kabad a ɗakina, ya yi tsatsa. Dutsen yana ciki. Ba a ɗauko Buba ba, ni kuma ban samo masa sunan ba.